Kwandon Taloka

Litinin, 7 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na fito da takardar daga jakar da ta shekara biyu a ciki. Takardar wakilci, shafi huɗu, da hatimin kotu da sa hannun Baba: Sodangi Gidaɗo Wurno. Shi ya kai kansa wurin lauya a Sakkwato, makon da likita ya yi masa bayani, ya ce a rubuta cewa duk ranar da ya kasa riƙe al'amuransa, ɗiyarsa Ladidi ce za ta riƙe, wato ni. Fansho, asusun banki, gida, gonaki uku. Ranar ta zo. Ba zan rubuta yadda muka gane ta zo ba.

Na ɗauki hutun wata guda daga ofis. Shekara goma sha ɗaya ina binciken littattafan kuɗin mutane, ina nuna wa manya masu furfura inda suka yi kuskure. Littafin mutum ɗaya ba zai gagare ni ba.

Yaya Jelani ya zo daga Rabah, ya bar shagonsa na taki don ya ga takardar da idonsa. Ya karanta sau biyu, yana bin layi da yatsa.

"To mu mazan gida mun mutu ke nan?"

Na ce, "Kuna nan da ranku, Yaya. Takarda ce dai ba ta gan ku ba."

Goggo Safara'u, ƙanwar Baba da ke jinyarsa, ta ce mu rage murya, Malam shina hutawa. Abin da ake gaya wa kowa ke nan kusan wata biyu. Liman ya zo, shina hutawa. Abokan aikinsa na dā sun zo, shina hutawa. Duk Wurno ba wanda ya kai Baba hutu.

Laraba, 9 ga Maris, bayan azahar

Banki, a Sakkwato. Wani yaro-yaro mai ɗamarar wuya ya juya takardar gaba da baya, ya ce tana da kyau ƙwarai. Sai dai mai asusu ya zo da kansa ya tabbatar musu cewa ba ya iya zuwa. Na roƙe shi ya maimaita. Ya maimaita, bai ji komai ba. Daga ƙarshe ya ce za a aika wa lauyoyinsu, in dawo bayan mako biyu.

Maganin Baba na kwana goma sha ɗaya ya rage.

Ban yi fushi ba. Na gode masa, har na yi masa fatan ƙarin girma.

Alhamis, 10 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Na buɗe akwatin ƙarfen Baba. Littattafan makaranta talatin da huɗu, ɗaya na kowace shekara, an ɗaure su da tsumma. Abin da ya shigo a hagu, abin da ya fita a dama. Ko goron naira biyar ya saya yana ciki. A nan na gado abin, ashe.

Gonar Wurno da ta hanyar Gandi lafiya lau, kowace tana kawo abin da ya kamata. Ta ukun ce matsala. Tana Taloka, ƙarƙashin dam ɗin Goronyo, bakin babbar magudanar ruwa, wadda ake noma rani da damina. Ita ce mafi daraja, kuma a shekara talatin da huɗu ba ta taɓa kawo ko kwabo ba. Abin da ke akwai kawai layi ɗaya, kowane Maris: "Kwandon Taloka." Kuma a dama yake, gefen abin da ya fita. Bara dubu talatin da takwas.

Gona ta ba ka kwando, kai kuma ka biya kuɗi. A ofis muna da sunan wannan. Na zagaye shi da jan biro.

Asabar, 12 ga Maris, ƙarfe sha biyu na rana

Kwandon ya zo da ƙafarsa. Goggo ta kai Baba ganin likita, ni kaɗai ce a gida. Wani mutum ya yi sallama, ya ce sunansa Lawwali ɗan Halliru daga Taloka, shi ke noma gonar da tsohuwarsa. Zai yi shekara arba'in da biyar. Ya sauko da kwandon albasa daga bayan babur, ya ajiye a zaure, ya durƙusa.

Na dubi dugadugansa duk faso. Na tuna rudun da muke ajiye albasarmu a bayan gida, cike har baki, rabi ma za ta ruɓe kafin ta yi tsada. Mutum ya ƙona mai tun daga Taloka don ya kawo wa mai albasa albasa.

Na ce, "Ka koma da abinka. Ba mu buƙata."

Ya ɗago kai. "Malam yac ce haka?"

"Ni ce wakiliyar Malam yanzu. Maganata tashi ce."

Ya miƙe tsaye. Sannan ya ɗaure kwandon a babur, ya tafi, ko sai an jima bai ce ba. Na ɗauka kunya ce ta hana shi godiya.

Aikin kirki na farko da na yi da takardar nan. Na kuma tsayar da dubu talatin da takwas.

Lahadi, 13 ga Maris, hantsi

Yau Baba ya tambaye ni ɗiyar wa ce ni. Da ladabi ya tambaya.

Litinin, 14 ga Maris, bayan la'asar

Goggo tana tsince shinkafa ta ce abin mamaki, Maris ya kusa rabi mutanen Taloka ba su zo ba. Na gaya mata sun zo, na kuma gaya mata alherin da na yi.

Ta ajiye faifan a hankali.

"Kin mayar da galla?"

"Mi ne galla?"

"Ke da kinka yi jami'a."

Ga abin da ba a koya mini ba a shekara huɗu da digiri biyu. Wanda aka ba aron gona, duk shekara yakan kawo wa mai ita ɗan wani abu daga amfanin, ko dami ɗaya ne, ko kwando. Ba haya ba ce. Shaida ce cewa ya san gonar ba tashi ba ce. In mai gona ya karɓa, ya ce masa ke nan ya zauna wata shekara. In ya mayar, ya ce masa ya kwashe abin da ya shuka ya tashi. Ba a faɗa da baki. Don kada a faɗa da baki ma aka yi kwandon.

Na ce ba haka nake nufi ba. Goggo ta ce kwando bai san nufi ba.

Na ce to mi ya hana wani ya gaya mini? Gidan nan kowa ya san komai, ba wanda ke faɗin komai. An ba ni shafi huɗu da hatimi, ba a rubuta kwando ko a layi ɗaya ba.

Ban yi fushi ba. Na wanke kwanonin da aka riga aka wanke.

Laraba, 16 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Yaya Jelani ya zo da tsire da lemu. Tunda aka haife ni bai taɓa sayo mini tsire ba.

"Wakiliya, ashe ke namiji ta. Abin da nik kasa shekara goma, kin yi shi cikin mako guda."

Labari ya riga ya zaga kasuwar Goronyo. Alhaji Maccido, mai lodin albasa zuwa kudu, ya aiko da tayi a kan gonar. Yaya ya rubuta adadin a bayan takardar tsiren, ya turo mini, kamar faɗinsa da baki zai sa ya gudu. Kuɗi ne. Zai kai Baba asibitin da ake so a Kano, har a yi canji.

Sa hannuna kawai ake jira. Takardar da makon jiya ta kashe mazan gida, yau ita ce abin girmamawa.

Na ce zan yi tunani. Ya ce in yi, amma magani ba shi jiran tunani. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ya faɗa.

Alhamis, 17 ga Maris, safe

Maganin kwana uku. Na kira banki. Lauyoyinsu suna hutawa su ma.

Juma'a, 18 ga Maris, bayan an sauko masallaci

Na koma akwatin ina neman takardar mallakar gonar. A can ƙasa, ƙarƙashin littafin farko, na samu wasu takardu masu laushi kamar ganyen albasa, irin kwafen da ake yi da baƙar takarda a dā. Jerin sunaye ne, da rubutun Baba yana saurayi. Mutanen da ruwa zai ci gonakinsu lokacin da ake gina dam, da girman gonar kowa, don a biya diyya. Na san ya yi aikin akawu a wannan lokacin. Bai taɓa ba mu labarinsa ba, shi da ke ba da labarin komai.

Tsakanin lamba sittin da biyu da sittin da uku, a gefe, da fensir, an rubuta Halliru. Ba lamba, ba girman gona. An bi sunan da fensir sau da yawa har takardar ta kusa hujewa.

Na kai wa Goggo. Ba ta karɓa ba, ta san mi ne.

"Layi yat tsallake. Kahin a gane an ruhe biya. Ko kuskure na, ko wani abu na, ban taɓa tambaya tai ba, ke ma kada ki tambaye ni."

Ruwa ya ci gonar Halliru, bai samu ko sisi ba. Baba ya tara albashi ya sayi ta bakin magudana, ya je ya ce ya ba shi kyauta. Halliru ya ce shi ba ya cin sadakar wanda ya ɓatar da sunansa. Sai dattawa suka shiga tsakani, aka tsaya a kan aro: Halliru ya noma, ya kawo galla kamar kowa, ba wanda ya yi wa wani alfarma. Baba kuma bai taɓa barin kwandon ya koma wofi ba. Atamfa, gishiri, sabulu, kuɗin man injin ban-ruwa a ƙasa cikin ƙyalle. Halliru ya rasu, aka ci gaba da matarsa Inna Kulu da ɗansu.

Dubu talatin da takwas ɗina ke nan. Wanda na zagaye da ja.

Shekara talatin da huɗu mutane biyu suna ɗauke da abu a tsakaninsu kamar ƙwai a cokali. Na zo da biro.

Asabar, 19 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Da Baba nake fushi. Na rubuta, ga shi nan. Ya zaɓe ni don na iya lissafi, ya ɓoye mini abin da lissafin yake nufi, sannan ya tafi inda ba a iya tambayarsa, ya bar mini jikinsa a kan tabarma yana murmushi.

Na sayi maganin wata guda da albashina. Ban rubuta a littafinsa ba.

Litinin, 21 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Taloka. Na bi ta gonar tukuna. An cire albasa, an ɗauke injin ban-ruwa, an tuge har bukkar da ke bakin magudana. Ba su tsaya jiran a kore su sau biyu ba.

Inna Kulu tana tsakar gida tana sussukar wake. Ƙaramar tsohuwa, idonta kamar allura. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa wa waken.

"Lawwali, kawo ma wakiliya kujera. Irinsu ba su zama ƙasa."

Na ce ƙasa ta ishe ni. Na ce na yi kuskure, ban san galla ba, na zo karɓa.

"Wace galla? Albasa mun sai da ta. Kwando kau akuya ta taɓa shi."

"Inna, ko albasa guda ce ku ba ni."

"Mi za ki yi da ita? Ba ku buƙata, ke kinka hwaɗi." Ta juya waken. "Ɗiyata, ba da ke munka yi ba. Wanda yab ba da aro shi ka amsar galla, da hannu nai. Takarda ba ta da hannu. In Malam na son mu zauna, shi hito shi amsa. In kau ya gaji da mu, shi hwaɗi da baki nai, ba shi aiko yarinya ba. Wata biyu Lawwali na zuwa gaisuwa ana ce mai shina hutawa. Mun gane."

Sai a lokacin na ga abin daga inda suke zaune. Wata biyu ana tare su a zaure, sannan aka mayar musu da kwando. Ko ni ce zan tuge bukka.

Tun tuni Goggo ta ce kada a faɗi halin da Baba yake ciki. Yaya ya ce kada a faɗa, mutuncin gida ne, jikan malamai ba a ganinsa haka. Ni ma ban taɓa faɗa ba, ko a littafin nan.

Na ce, "Inna, Malam bai san ni ba. Jiya da cokali ya so ya yi alwala."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Lawwali ya tashi ya fita.

Can Inna Kulu ta koma kan wakenta. Na jira har inuwa ta bar inda nake. Da zan tafi ta ce in gaida Safara'u.

Ban yi kuka ba sai da na wuce Goronyo, kuma zafin rana ne.

Laraba, 23 ga Maris, bayan azahar

Shiru daga Taloka. Banki sun ce hoton Baba da ke wurinsu ya tsufa. Na ce shi ma haka.

Alhamis, 24 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ya zo da takardar ciniki, an buga ta tsaf, an bar mini layi. Yau ba tsire. Ya riga ya ji abin da na faɗa a Taloka.

"Kin tona asirin ubanki gaban talakawa."

"Na gaya wa mutanen da suka fi mu saninsa cewa ba shi da lafiya."

"Sa hannu mu kai shi Kano."

Na ce likita ya gaya mana mu biyu, a ɗaki ɗaya, abin da Kano za ta iya da abin da ba za ta iya ba. Na ce lauya ya yi mini bayani tun farko: ba dukiyata ba ce, ban da ikon kyautar da ita, ban da ikon yin abin da na ga dama. Abin da mai ita zai yi da yana iyawa, shi zan yi. Kuma mai ita ya rubuta abin da yake so sau talatin da huɗu.

Ya naɗe takardarsa.

"Ki sani, wakilcin ga naki ranar da yac cika shi ma ya mutu. Sannan a raba gado, mu ga kason wa ya hi."

Na ce na sani. Na fi shi sani, ni na karanta shafi na huɗu. Amma yau Alhamis, kuma Baba yana ɗaki yana cin tuwo.

Ya tafi bai shiga ya gaishe shi ba. Ba ya iya shiga, na lura tun tuni. Yana tsayawa bakin ƙofa ya gyara hula ya juya. Wannan ban riƙe shi da shi ba.

Asabar, 26 ga Maris, safe

Ba kowa.

Lahadi, 27 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Da hantsi muka ji babur. Lawwali ne, da Inna Kulu a baya, ta rungume kwandon a cinya. Gefensa ɗaya an ɗinke da sabuwar kaba. Ashe batun akuya gaskiya ne.

Goggo ta fara, "Malam shina..." Inna Kulu ta ce, "Safara'u, kauce." Goggo ta kauce.

Baba yana zaune a kan tabarma, hularsa a karkace. Ya dubi Inna Kulu kamar yadda yake duban kowa yanzu, da fara'ar mai masauki da bai san baƙonsa ba. Ta durƙusa, ta ajiye kwandon a gabansa.

Ya dubi kwandon. Ya gyara hularsa.

"Na Halliru na?"

"Nashi na, Malam."

Ya sa hannu biyu ya jawo shi. Ya ɗauki albasa guda, ya danna wuyanta da babban yatsa, ya shinshina.

"Ta bushe da kyau. Bana kun makara."

"Mun makara, Malam. A yi haƙuri."

"Ruwa na isa ƙarshen gona?"

Lawwali ya ce daga bakin ƙofa, "Shina isa, Baba."

"To madalla. Ku zauna."

Inna Kulu ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni ina tsaye da kofin maganinsa a hannu. Sai ya waiwayo ya gan ni, ya yafito ni da yatsa, ya rage murya don kada baƙi su ji.

"Ke yarinya, je ki ce ma Ladidi kada kwandon ga shi koma wohi. Ita ka riƙe min kuɗɗi yanzu. Ta iya lissahi."

Na ce to, zan gaya mata.

Turmin atamfa, gishiri, sabulu sanda shida, kuɗin mai a ƙasa cikin ƙyalle. Goggo ta nuna mini yadda ake jerawa, atamfa a sama don kada a ga sauran. Inna Kulu ta karɓa ba ta duba ba, ba ta yi godiya ba. Haka ake yi, in ji Goggo. Lawwali ya ce jibi zai mayar da inji.

Na buɗe sabon littafi, na talatin da biyar. A dama na rubuta "Kwandon Taloka", da baƙin biro.

Na gaya wa Ladidi.